ANNOBA DA JITA-JITA: DA WANE MA'AUNI ZA MU AUNA?

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda lafiya da cuta duka suke a hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, tun ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta sauka daga matsayin annobar da ke bukatar matakin gaggawa. Kafin ma wannan sanarwa, kasuwar Shuwarin da ta Gujungu sun daɗe da komawa cinsu, sahu ya haɗe a masallatai, takunkumi kuwa ya ɓace daga fuskoki. Amma fa abin da annobar ta shuka a zukatan jama'a yana nan bai bushe ba. Har gobe, idan aka ambaci allura a wata majalisa a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ba a rasa mai gyara zama ya ce: "Ai mun gaya muku, duk siyasa ce da neman kuɗi. Ni na yi zazzaɓin nan, na yi sirace, na sha citta da lemon tsami, ga ni nan garau."

Da a ce maganar ta tsaya a kan korona kawai, da mun ƙyale ta ta bi ruwa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wannan magana ita ce ke bin magidanci har gida, ta sa ya rufe ƙofa ranar da aka zo yi wa 'ya'yansa rigakafin ƙyanda, ko mashaƙo, ko sanƙarau. Yaron da bai iya magana ba shi ke biyan kuɗin gardamar manya. Saboda haka ya zama wajibi mu zauna mu auna al'amarin da ma'aunin adalci, mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa, ko da kuwa hakan zai sosa wa wasu rai.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Da farko dai, duk mai cewa jahilci ne tsantsa ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da allurar Turawa, to lalle bai san tarihin wannan yanki ba. A shekarar 1996, shekara biyar kacal da cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, annobar sanƙarau ta ɓarke a ƙasar nan, ta kama mutum fiye da 100,000, ta yi sanadin rasuwar fiye da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Kamfanin ya musa cewa ya yi laifi, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin ga duniya. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka kuma yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75.

Haka nan a shekarar 2011 ta tabbata cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi na bogi a garin Abbottabad na ƙasar Pakistan, domin farautar Usama bin Ladan. Wannan ba jita-jita ba ce, abu ne da ya faru, kuma ma'aikatan lafiya na gaskiya su ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

Mu dawo gida. A watan Oktoba na 2020, bayan talaka ya sha kulle da yunwa, sai ga jama'a sun fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da tulin abincin tallafin korona a jibge. Gwamnoni sun ba da uzurinsu, amma idon talaka ya riga ya gani. A watan Disamba na 2021 kuma, hukuma da kanta ta lalata allurar korona fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin ƙasashe masu arziki sun ɓoye allurar lokacin da ake matuƙar bukatarta, sannan suka turo mana da ita tana dab da lalacewa.

Sai kuma tambayar da kowane talaka yake yi, wadda har yau ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba: me ya sa ake bin sa gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗansa sai ya sayar da akuya? A shekarar 2021 kaɗai, alƙaluman hukuma sun nuna cewa cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,600 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan adadi ya zarce na duk waɗanda hukuma ta tabbatar korona ta kashe a ƙasar nan tun daga farkonta, wato kimanin 3,150. To, ina aka ga an tara biliyoyin naira ko an kafa kwamitin shugaban ƙasa saboda rijiyar ƙauye? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zargin jama'a yana da tushe, kuma ba za mu taya kowa rufe wannan gaskiya ba.

ABIN DA ƘAURACEWA TA JAWO

Sai dai kuma, ya 'yan'uwa, samun dalilin yin zargi daban, tabbatar da abin da ake zargi daban. Alƙalin da ya ɗaure mutum don kawai an taɓa kama ƙanensa da sata, ya yi zalunci. A nan ne ya kamata mu tuna da abin da ya faru a shekarar 2003.

A wannan shekara ne aka yaɗa cewa an gauraya ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa. Manyan mutane masu mutunci suka tsaya a kan maganar, har da Dokta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Nijeriya. Gwamnatin Kano ta dakatar da aikin, ba ta dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Ba mu shakkar cewa da yawa daga cikin masu wannan matsayi kishin al'umma ne ya motsa su, ga kuma miki na Trovan bai warke ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana ƙwayar cuta tafiya. Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya a 2002 su 202 ne. A 2006 sun kai 1,122. Daga nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, ciki har da Sudan da Yaman da Indonesiya. Wato dai 'ya'yan Musulmi ne suka fi kowa shanyewa. A watan Fabrairu na 2013 kuwa, aka bindige ma'aikatan rigakafi tara a Kano, 'ya'yan talakawa masu neman na sawa a bakin salati.

To, ina maganar hana haihuwar ta kwana? Yaran da aka ɗiga wa maganin nan a 2004 su ne iyayen yara a yau. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Jigawa ya kai 'ya'ya bakwai, yana cikin mafi yawa a duk faɗin ƙasar nan. Duk mai zuwa suna a unguwarsa ya san wannan ba sai an karanta masa takarda ba. A ɗaya hannun kuma, bayan da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa a 2009 suka sa hannu a aikin, sai cutar ta yi ta ja da baya, har aka tabbatar a ranar 25 ga Agusta 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Akwai wani abu a nan da adalci ya sa dole mu faɗa. Ɗigon shan inna yana ɗauke ne da ƙwayar cutar da aka raunana. Idan aka ɗiga wa kusan dukkan yaran gari, sai ta mutu don ta rasa masauki. Idan kuwa aka ɗiga wa kaɗan aka bar da yawa, takan yi ta yawo a tsakanin waɗanda ba su da kariya har ta sake yin ƙarfi. Irin wannan ya ɓulla a Jigawa a 2018, ya kuma bazu zuwa maƙwabta. Masana ba su ɓoye wannan ba, su ne ma suka gano shi suka bayyana. Darasin kuwa shi ne, gidan da ya rufe ƙofa ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da maƙwabcin da ya buɗe tasa.

KORONA A TSAKANIN SIYASA DA MAƘABARTA

Da korona ta shigo Nijeriya a ƙarshen Fabrairu na 2020, kuma ta fara da manya, har ta yi sanadin rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a ranar 17 ga Afrilu, sai talaka ya ce ai cutar masu hawa jirgin sama ce. Da aka rufe kasuwanni da wasu ƙananan hukumomi a Jigawa, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, sai mai faskare da mai tallar fura suka ga cewa su ne za su biya bashin da ba su ci ba. Da gwamnonin Arewa suka shiga loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu ma ɗauke da cutar, sai malaman tsangaya suka ɗauki abin a matsayin wata dama da aka daɗe ana jira don a rushe makarantun allo. Da aka dakatar da sallar Juma'a a wurare da dama, sai zukata suka ƙara tafasa. A wata jihar gwamna yana kulle mutane, a Kogi kuwa Gwamna Yahaya Bello yana musun cewa akwai cutar a jiharsa. Yaya za a yi talaka ya san wanda zai gaskata?

Babu shakka an yi siyasa da korona, an kuma ci kuɗi da sunanta. Amma kasancewar ɓarawo ya yi sata a gidan gobara ba ya nufin wutar ƙarya ce. A watan Afrilu na 2020 masu haƙar kabari a Kano su ne suka fara kokawa da yawan gawarwaki, kafin wani likita ko ɗan siyasa ya buɗe baki. Cikin 'yan makonni birnin ya rasa dattawa da malaman jami'a da masu sarauta. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa bincike ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin suna da nasaba da korona. A farkon watan Mayu an ji irin wannan kuka daga Haɗeja. Mu da muke binne mamatanmu cikin sa'o'i kaɗan, ga ƙarancin wuraren gwaji a lokacin, dole ne alƙaluman hukuma su gaza abin da ya faru. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.9 ne suka rasu a 2020 da 2021 fiye da yadda aka saba.

Gaskiya ne Allah Ya sauƙaƙa mana idan aka kwatanta da Italiya ko Amurka ko Indiya. Daga cikin sabubban da Ya sanya akwai cewa kusan rabin 'yan Nijeriya ba su wuce shekara 18 ba, cutar kuwa ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Sauƙin da aka samu abin godiya ne. Mayar da shi hujjar cewa babu cutar tun asali kuwa, cin fuska ne ga gidajen da suka yi zaman makoki.

Sai kuma aka zo kan allurar. An ce akwai na'urar bin diddigi a cikinta, an ce tana da alaƙa da turakun wayar salula, an ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Allurar ta iso ƙasar nan a ranar 2 ga Maris 2021, kuma a cikin 2022 alƙaluman hukumar kula da lafiya a matakin farko sun riƙa sanya Jigawa da Nasarawa a sahun gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa. Shekara biyun ta zo ta wuce, mutanen Jigawa suna nan suna noman riɗi da zoɓo da shinkafa. Shin ko ɗaya daga cikin masu wancan hasashe ya fito ya janye maganarsa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai yaɗa ta ba ya jiran a kai ƙarshensa, sai ya haƙa wani.

"NI NA GANI A JIKINA"

Yanzu kuma bari mu zo kan hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin jama'a, wato shaidar jiki. Bahaushe ya ce jiki magayi, ya kuma ce gani ya kori ji. Mai cewa ya sha tazargade ya warke ba maƙaryaci ba ne. Ya yi ciwo, ya sha, ya warke, duk ukun gaskiya ne. Inda gizo ke saƙa shi ne a wurin haɗa na biyu da na uku.

Mu ɗauki misali. A ce wata cuta tana kashe mutum ɗaya cikin ɗari, sauran 99 kuwa suna tashi da ikon Allah ko sun sha magani ko ba su sha ba. Idan aka ba mutum ɗari ruwan randa zalla, 99 za su fito su rantse cewa ruwan randa ya warkar da su, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Shi kuwa ɗayan yana maƙabarta, ba ya zuwa majalisa, ba ya tura saƙon murya a WhatsApp. Ashe ke nan shaidar da ke isowa kunnenmu ta ɓangare ɗaya ce. Wace kotun Musulunci ce take yanke hukunci bayan ta ji bakin mai ƙara kaɗai?

Na biyu, zazzaɓi da ciwon kai da kasala alamomi ne da cututtuka da yawa suka yi tarayya a cikinsu. Wanda bai yi gwaji ba, bai san abin da ya warke daga gare shi ba. Na uku, zukatanmu sukan jingina duk abin da ya biyo bayan wani abu ga wanda ya gabace shi. Idan aka yi wa mutum miliyan ɗaya allura a cikin wata guda, dole ne a sami waɗanda ajalinsu ya zo a cikin wannan wata, kamar yadda da za a samu ko da ba a yi allurar ba. Tambayar ita ce: shin adadin ya zarce na kullum? Wannan kuwa mutum ɗaya ba zai iya amsa ta daga ɗakinsa ba.

Ba a manta da daren wankan gishiri ba. A watan Agusta na 2014, lokacin tsoron cutar Ebola, saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Jama'a da dama suka yi, ba su kamu da Ebola ba, domin dama can cutar ba ta iso garuruwansu ba. Waɗanda suka kwankwaɗi gishirin kuwa, wasu sun kwana a asibiti, wasu sun rasa rayukansu.

Hanyar fita daga wannan ruɗani kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi fice wajen bambance agana da ƙyanda, ya taɓa raba majinyata gida biyu, ya yi wa rukuni ɗaya magani ya bar ɗayan da gangan, domin ya tabbatar da ra'ayinsa ta hanyar kwatantawa. Irin wannan hanya aka bi a Ingila a 2020 da dubban majinyata. Sakamakon ya nuna cewa dangin kulorakwin da Shugaba Trump na Amurka ya yi ta tallatawa ba ya hana mutuwa daga korona. Ya kuma nuna cewa wani tsohon magani mai arha, deksametason, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda aka sa wa na'urar numfashi. Da duk abin haɗin bakin 'yan kasuwa ne, da ba maganin da ba shi da riba zai yi nasara ba. Haka nan tsimin da shugaban Madagaska ya tallata a 2020, an kawo shi Nijeriya, masananmu na Abuja suka gwada, ba su sami hujjar cewa yana warkar da korona ba.

Ba muna cewa a watsar da shaidar jiki ba ne. Ita ce mafarin bincike. Ta hanyar koken majinyata ne likitoci suka gano, a 2021, cewa allurar AstraZeneca takan haddasa daskarewar jini ga wasu 'yan tsiraru ƙwarai, hukumomin Turai suka bayyana haka a fili, wasu ƙasashe suka canza tsarinsu. Haka kuma ba mu raina zuma da habbatus-sauda da sauran abin da muka gada ba. Amma sanin wace cuta, da wane gwargwado, da wane lokaci, ilmi ne mai zaman kansa, kuma yana da ma'abotansa.

MA'AUNINMU

Ya 'yan'uwa, wa ya fi mu cancantar ya zama mai tantance labari? Mu ne fa muka shafe shekaru muna koya wa jama'a cewa kada su karɓi magana a addini sai da dalili. Malaman Hadisi sun bar mana ilmin da babu al'ummar da ta riga mu zuwa gare shi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun haɗu, shin mai gaskiya ne, shin yana da kiyayewa, shin maganarsa ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi? Sukan ajiye ruwayar mutumin kirki mai yawan ibada idan haddarsa ta yi rauni, ba tare da sun taɓa mutuncinsa ba. To, yaya za a yi ɗalibin da ba ya karɓar Hadisi sai ya ji isnadinsa, ya karɓi saƙon muryar da ba a san mai ita ba, a kan abin da ya shafi ran ɗansa, har ya tura wa mutum ɗari? Mai saƙon majahuli ne, sanadin yankakke ne, matanin kuma ya saɓa wa abin da amintattun likitoci Musulmi suka tabbatar. Da Hadisi ne, wane suna za mu ba shi?

Tarihin magabata ma ya ishe mu. A shekara ta 17 zuwa ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda aka sani da annobar Amwas. Sayyidina Umar (R.A.) yana kan hanyarsa ta zuwa can labari ya iske shi. Ya tara Muhajirai ya shawarce su, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke shawarar komawa Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya ga kamar hakan gudun ƙaddara ne, Umar ya fahimtar da shi cewa zaɓen hanyar tsira shi ma yana cikin ƙaddarar. Daga baya Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya zo da ilmin da yake da shi daga Manzon Allah (S.A.W.) game da hana shiga garin annoba da hana fita daga cikinsa. Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal duk sun rasu a wannan annoba. Abin lura shi ne, sun yi saɓani amma babu wanda ya kira ɗan'uwansa munafiki ko ɗan koren Rumawa. Shawara suka yi, suka nemi dalili, da ya zo suka miƙa wuya.

Ita kanta dabarar rigakafi, daga Istanbul ta Daular Usmaniyya aka kai ta Ingila a wajajen 1721, a daidai lokacin da wani bawa ɗan Afirka ya koya wa mutanen Boston ta Amurka irin wadda ake yi a ƙasarsu. Dattawanmu masu tabon lamba a dantse shaida ne a kan yadda agana take kashe yara tana makantar da wasu, har aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Kuma wane alhaji ne ya taɓa fasa sauke farali don hukumomin Saudiyya sun ce sai da katin allurar sanƙarau? Abin da muka yarda da shi don mu ga Ka'aba, me zai sa mu hana wa 'ya'yanmu shi?

KIRANMU

Ga hukuma muna cewa: amana ba a sayenta da sanarwar rediyo. A gyara rijiya da famfo, a sa magani a asibitin ƙauye, a bayyana wa jama'a illar kowace allura komai ƙanƙantarta, a kuma hukunta wanda ya ci kuɗin majinyata. Kada a sake barin wani kamfani ya taɓa ɗan kowa ba da sanin iyayensa da yardarsu ba.

Ga malamai da limamai: mumbari amana ne. Kalma ɗaya a huɗubar Juma'a tana iya rufe ƙofofi dubu. Kafin a yi magana a kan lafiya, a kira likitocinmu da ma'aikatan jinya da ke sahu ɗaya da mu a masallaci, a tambaye su, a matsa musu da tambaya. Muna kuma roƙon rassanmu da su riƙa gayyatar irin waɗannan 'yan'uwa zuwa makarantun Islamiyya da na matan aure.

Ga iyaye: tun daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo da ƙarfi, Kano ce cibiyarsa, ya kuma taɓa Jigawa, mafi yawan yaran da ya kama kuwa ba su sami cikakken rigakafi ba. Sanƙarau ma ya addabi jihar nan a 2023 da 2024, har ta kasance cikin jihohi uku da aka fara yin sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar a watan Maris na 2024. Waɗannan ba cututtukan masu hawa jirgin sama ba ne, na 'ya'yanmu ne. A duba katin kowane yaro, a cike abin da ya rage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kowane mai waya a hannu: idan saƙo ya zo maka, tambayi kanka wa ya faɗa, kuma ina dalilinsa. Idan ba ka sami amsa ba, to ya mutu a wayarka. Za a tambaye mu a kan abin da yatsunmu suka tura kamar yadda za a tambaye mu a kan abin da harsunanmu suka furta.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin waɗannan annobai, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya kare zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu tsoronSa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.